Mafarki a Matsayin Shaida: Zargin Maita a Ƙasarmu da Abin da Ya Auku a Salem

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2025 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa mutum 5 hukuncin kisa, saboda sun tarar da wata tsohuwa mai shekara 67 a gonarta, a Ƙaramar Hukumar Wudil, suka hallaka ta da duka da wuƙa a shekarar 2023. Dalilinsu kuwa, matar ɗaya daga cikinsu, wadda ke kwance ba lafiya, ta yi mafarki tsohuwar tana bin ta da wuƙa a hannu. Duk wanda ya tashi a Sule Tankarkar, ko Gagarawa, ko ƙauyukan da ke cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, ba zai ji wannan labari baƙo ba, domin ya san yadda kalmar maita ke tashi daga bakin majiyyaci ta zagaye unguwa kafin a kira sallar Magariba.

Galibi ga yadda al'amarin ke gudana. Idan damina ta ja baya sauro ya yawaita, ko kuwa bazara ta tsananta sanƙarau ya shigo, sai yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, ya sassandare, ya riƙa sambatu, a cikin sambatun nan kuwa ya ambaci sunan wata, wanda sau da yawa sunan maƙwabciya ce da ya saba gani kullum. Nan take a ce ya kama suna, wance ta kama masa kurwa. Sai a nemo boka ya yi turare ya ƙarfafa zato, a tuno cewa ai kakarta ma an taɓa faɗi, tun da yake a wajen jama'a ƙanƙarar maita gadonta ake yi. Daga nan a jawo ta gaban taro a ce ta tsallake majiyyacin domin ta saki kurwar. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ba a bar mata ƙofar fita ko guda ba: in ta tsallaka ta yi iƙirari ke nan, sunan ya bi ta ya bi 'ya'yanta mata har a rasa mai neman aurensu; in ta ƙi, a ce taurin kan mayya ne, a hau ta da duka. Alhali kuwa zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, cututtuka ne da likitoci suka san sababinsu da maganinsu, kuma kowace sa'a da aka ɓatar a kan tsohuwa an rage ta ne daga damar yaron ta isa asibitin Gumel da rai. Mai karatu ya lura kuma da waɗanda tuhumar ke faɗa wa: da wuya ka ji an kama sunan attajiri ko matar hakimi, sai gwauruwa, ko juya, ko wadda 'ya'yanta suka tafi cirani.

Ba mu kaɗai Allah Ya jarrabta da wannan ba. A shekarar 1630 wata ƙungiya ta Kiristocin Ingila, waɗanda ake kira Furitan, masu tsananin riƙon addini, suka ƙetare teku suka kafa birnin Boston a Masacusets ta Amurka, suna gudun takurar cocin ƙasarsu. Da mulki ya zo hannunsu kuwa, sai su ma suka takura wa masu saɓa musu, har suka rataye mutum 4 'yan ɗariƙar Kweka tsakanin 1659 da 1661. A farkon 1692, a ƙauyen Salem na can Masacusets, 'yar limamin cocin, Samuel Parris, da 'yar ɗan'uwansa suka kamu da wata irin farfaɗiya, aka matsa musu su faɗi mai cutar da su, suka ambaci mata uku: baiwar gidan mai suna Tituba, da wata mabaraciya, da wata mai jinya da ta daɗe ba ta zuwa coci. Kotun da Gwamna William Phips ya kafa a watan Mayu ta karɓi wata irin shaida wadda ita ce asalin musibar, wato mai ƙara ya ce ya ga siffar wane ta zo masa a mafarki ko a wahayi tana shaƙe shi, alhali jikin wanda ake tuhuma yana wani wuri dabam. Ta yaya mutum zai kawo shaidun da za su kuɓutar da shi daga abin da aka ce inuwarsa ta aikata? Kafin kaka ta wuce an rataye mutum 19, mata 14 da maza 5, aka danne wani dattijo, Giles Corey, da duwatsu har ya cika. A cikin waɗanda aka rataye akwai Rebecca Nurse, mai shekara 71, wadda aka sani da ibada, wadda masu taya alƙali hukunci suka fara wankewa, sa'an nan aka sa su sake shawara. Waɗanda suka amsa laifi suka ambaci wasu, su ne suka tsira da rayukansu. Waɗanda suka ƙi yi wa kansu ƙarya su aka kai bakin igiya. Sai a watan Oktoba, bayan babban malaminsu Increase Mather ya yi rubutu yana sukar dogaro da irin wannan shaida, gwamnan ya rushe kotun. A 1697 ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Sewall, ya miƙe tsaye a coci aka karanta tubarsa, a 1711 kuma hukuma ta biya iyalai diyya.

Mu kuwa uzurinmu ya fi nasu ƙaranci, domin ɗalibin da ya karanta babin hukunce-hukunce da shaida a cikin littafin Risala, a zauren malaminsa, ya san cewa kawo bayyina wajibin mai da'awa ne, wanda ya musanta kuwa rantsuwa ce a kansa, kuma shaida sai daga adili, baligi, mai hankali. Yaron da zazzaɓi ya gusar wa hankali ba ya cikin waɗannan, mafarki kuwa, in ba na Annabawa ba, malaman usulu ba su gina hukunci a kansa ba, balle a zubar da jinin mumina dominsa. Ko sihiri, wanda fuƙaha'u suka tattauna hukuncinsa, al'amarinsa na hannun alƙali ne bayan tabbatarwa, ba na samarin unguwa ba. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta ƙidaya jifan mutum da maita a cikin laifuffuka, haka nan tilasta shi ga gwajin azaba domin gano gaskiya. Saboda haka mai unguwa ko dagacin da aka kawo wa irin wannan ƙara a ƙasar Gumel yana da madogara biyu, ta Shari'a da ta hukuma, da zai shigar da tsohuwar gidansa ya rufe ƙofa, ya sa a nemo mota ko babur a kai majiyyacin asibiti, ya kuma aika wa hakimi da 'yan sanda labari a daren nan.