Koyon Tafiya Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki: Misali Daga Zangon Kwatano

Cutar da Bahaushe ke kira shanyewar ɓarin jiki, a asibitocin Kwatano AVC ake ce da ita, da Faransanci. Tana aukuwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, galibi sakamakon hawan jini. Ɗalibi ya lura da fi'ilin "shanye": ɓarin yana nan, aikinsa ne ya ƙafe.

Abubuwa uku ke tsayar da mutum daidai: ido, da cikin kunne, da jin da ƙafa ke yi na ƙasa. Wanda ya sami wannan lalura yakan daina amince wa ƙafar da ta shanye, ya ɗora nauyinsa duka a kan mai lafiyar. Daga nan sai tangaɗi, sai faɗuwa, sai tsoron faɗuwa. A ganina tsoron ya fi ɓarna, domin shi ke zaunar da mutum a tabarma har ƙafar ta ƙara mutuwa, 'yan'uwa kuwa saboda tausayi su ce, "Baba, ka huta."

Ƙwaƙwalwa tana sake koyo ta hanyar maimaitawa. Saboda haka ma'aikacin gashi, wanda ake kira kine a Kwatano, yakan fara da abu kaɗan. Majinyaci ya dafa bango, ya riƙa mayar da nauyinsa daga wannan ƙafa zuwa waccan. Idan ya iya, sai tafiya a kaikaice, sai tsallake muciya da aka shimfiɗa a ƙasa, sai ɗora diddige gaban yatsun ɗaya ƙafar. Sanda a hannu mai lafiya ake riƙe ta. Mai taimako ya tsaya ta ɓarin da ya shanye, kada kuma ya ja wannan hannun, domin kafaɗar tana saurin gocewa. In jiri ko ciwon ƙirji ya taso, a tsaya.

A shekarar 2013 Charles Batcho da abokan aikinsa sun buga wani bincike da suka yi a Benin da Beljiyam: majinyata 44 da suka daɗe da cutar sun yi tafiya da sauri a ƙungiyance, sau uku a mako, har wata uku, kuma tafiyarsu da tsayuwarsu sun inganta.

Sai dai unguwar Zango ba ɗakin asibiti ba ce. Yawancin lungunan Kwatano rairayi ne, rairayi kuwa yana kama ƙafar da ake ja, ga ruwa na kwanciya da damina, ga 'yan zemijan masu rigar ɗorawa suna ratsawa. Don haka tsakar gida mai daɓe ita ce makarantar farko, da takalmi mai rufe diddige, ba silifa ba. Fita zuwa babban masallacin Zango sai an ƙware, da ɗan rakiya, kuma a bar cunkoson Juma'a tukuna.