Daga Ina Gawayin Murhunmu Ya Samo Asali?

Idan aka aike mu sayen gawayi, ba ma kawowa a rai cewa abin da ke cikin ledar ya girmi duniyar nan. Mafi yawan gawayi sinadarin kabon ne, kuma kusan kashi 18 cikin 100 na nauyin jikinmu ma kabon ne. To, a ina aka samar da shi? Masana kimiyya sun ce a cikin taurari.

Tauraro irin ranarmu yana haɗa sinadarin haidurojin ya mai da shi hiliyam. Idan haidurojin ɗin tsakiyarsa ya ƙare, zafi ya kai kimanin digiri miliyan 100, sai cibiyoyin ƙwayar zarra na hiliyam su fara haɗuwa. Biyu sukan ba da beriliyam-8, idan ta uku ta riske shi sai a samu kabon. Matsalar ita ce beriliyam-8 yakan tarwatse tun kafin ƙiftawar ido. Lissafi ya nuna da wuya a samu kabon mai yawa ta wannan hanya. Amma ga shi ko'ina!

Amsar tana cikin cibiyar kabon ɗin kanta. Mu ɗauke ta kamar tsani: ƙarfin da take iya riƙewa mataki-mataki ne, ba a tsayawa tsakanin matakai biyu. Idan ƙarfin da masu haɗuwar suka zo da shi ya yi daidai da wani mataki, haɗuwar takan yi sauƙi ƙwarai.

A shekarar 1953, wani masanin taurari ɗan Ingila, Fred Hoyle, ya je jami'ar Caltech da ke Amurka. Ya ce tunda kabon ya yawaita haka, dole akwai irin wannan mataki a cibiyarsa, har ya faɗi inda za a same shi. Da farko an yi shakkar maganarsa, amma Ward Whaling da abokan aikinsa suka gwada. Sai ga matakin kusa da inda ya ce. A yau ma'auninsa ya tsaya a 7.65 MeV, ana kiransa da sunan Hoyle.

Da babu wannan mataki, da kabon ya yi ƙaranci matuƙa. Taurarin da suka tsufa ne suka watsa nasu a sararin samaniya, ya shiga cikin ƙurar da ta zama duniyarmu kimanin shekaru biliyan 4.6 da suka wuce. Itace ya zuƙe shi daga iska, mai gawayi ya ƙona itacen, mu kuma muka sayo a leda.