Harhaɗa Bayanan Teku a Jirgin Ruwa da Aika su ta Tauraron Ɗan'adam

1.0 Gabatarwa

Teku ta rufe kimanin kashi 71 cikin 100 na doron ƙasa, ga shi kuwa ba a iya gina tashar auna yanayi a tsakiyarta kamar yadda ake yi a tudu. Don haka ne a taron Brussels na 1853 ƙasashe suka amince matuƙa jiragen ruwa su riƙa rubuta yanayin teku bisa tsari guda. Sai dai a wancan zamani rahoto yakan yi watanni kafin ya isa hannun masana. Manufar wannan muƙala ita ce bayyana yadda aka magance wannan jinkiri.

2.0 Harhaɗawa

A jirgin da ya shiga shirin sa-kai na Hukumar Yanayi ta Duniya akan auna matsin iska da ƙarfinta, da zafin ruwa. Wasu jiragen suna auna yawan gishirin ruwa. Wasu kuma suna jefa wata 'yar na'ura mai suna XBT, wadda take nutsewa zuwa zurfin kimanin mita 760, tana aiko da awon zafi ta siririyar wayar tagulla har wayar ta tsinke. Daga tsawon lokacin nutsewar ake lissafa zurfin.

Awo shi kaɗai ba ya da amfani sai an san wuri da lokacin da aka yi shi. A nan ne kwamfutar jirgin take shigowa: takan haɗa kowane awo da matsayin jirgin daga GPS, ta tace kurakurai, sa'annan ta taƙaita shi cikin lambobin da ƙasashe suka yarda da su. Tsarin SEAS na hukumar NOAA ta Amurka misali ne.

3.0 Aikawa da Rarrabawa

Daga jirgi saƙon yakan tashi zuwa tauraron ɗan'adam, kamar na Inmarsat ko Iridium, ya sauka a tashar ƙasa. Daga nan sai ya shiga hanyar sadarwa ta GTS, wadda ta haɗa ofisoshin yanayi na ƙasashe. Ta haka awon da aka yi da safe yakan shiga lissafin hasashen wannan ranar.

4.0 Kammalawa

Tsarin yana da rauni guda: jiragen kasuwa hanyoyin ciniki suke bi, saboda haka ake cike giɓin da na'urori masu shawagi na shirin Argo tun wajen 2000. Duk da haka amfaninsa ya wuce bakin teku. Bincike ya nuna cewa zafin ruwan Atlantika, musamman a Mashigin Gini, yana da tasiri a kan daminar Afirka ta Yamma, kuma an danganta farin Sahel na shekarun 1970 da 1980 da sauyin zafin teku. Ke nan awon da matuƙi ya yi a tsakiyar ruwa yana da hannu a hasashen da manomin da bai taɓa ganin teku ba yake jira kafin shuka.