Allurar Ƙarfin Maza: A Auna Kafin a Tsira

Shirinmu na yau na iyayenmu maza ne, na Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi.

Ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, mai magani na ɗaga lasifika yana kiran dattawa: ga na sanyi, ga na basir, ga na ƙarfin maza. Wasu kuma kemis suke zagayawa a ɓoye, a yi musu allurar testosterone ba da takardar likita ba.

Testosterone sinadari ne da 'ya'yan maraina ke samarwa. Shi ke riƙe sha'awa, tsoka da ƙarfin ƙashi. Daga wajen shekara 40 yakan ragu da kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara. Wannan tafiyar girma ce, ba cuta ba.

Sau da yawa, raunin da magidanci ke kunyar faɗa alama ce ta ciwon suga, hawan jini, ƙiba, shan Tramadol, ko damuwa. Wanda ya kwana yana tunanin gonar da 'yan bindiga suka hana shi nomawa, yaya jikinsa zai amsa masa?

A shekarar 2015, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi likitoci kan ba da wannan magani saboda tsufa kawai. A 2023, binciken TRAVERSE kan maza fiye da 5,000 ya nuna maganin bai ƙara bugun zuciya ba, amma an ga ƙarin rikicewar bugawarta da daskarewar jini a huhu.

Ga abin da ango mai furfura ya kamata ya sani: wannan allura tana rage ƙwayoyin haihuwa ƙwarai. Mai neman magaji na iya toshe wa kansa hanya. Tana kuma sa jini ya yi kauri.

Wanda sinadarin ya yi wa ƙaranci da gaske, maganin na taimakonsa. Amma gwajin jini ne ke tabbatarwa, da safe, sau biyu, tare da duba mafitsara.

Don Allah Baba, fara da babban asibitin garinku. A auna suga da jini, in da buƙata a tura ka asibitin tarayya na Gusau. Likita ya saba jin wannan magana, kuma sirrinka amana ne a hannunsa.