Ka nuna wa ɗanka inda tsutsa take fitowa

Ya kai manomi mai karatu, ko kana Korgom, ko wani gari na ƙasar Tasawa ko Mayayi, ka san tsutsar nan mai cin zangarniyar hatsi, wadda ake kira murzuna. Wasu suna cewa ruwa ke kawo ta, wasu su ce iska. Ba haka ba ne. Uwa gare ta, kuma ya kamata ƴaƴanka su san ta tun suna ƙanana.

Uwarta wani ƙaramin malam buɗe littafi ne mai yawon dare. Rayuwarsa hawa huɗu ce. Da farko ƙwai: yana saka su bisa zangarniya lokacin da hatsi ya fara fitar da kai. Bayan ƴan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito, tana ci tana zagaya zangarniya kamar an naɗa zare. Idan ta ƙoshi, sai ta faɗo ta shige ƙasa, ta dunƙule cikin ɓawo. Nan za ta kwana duk rani. Da damana ta kama, sai ta fito da fukafukai, ta sake saka ƙwai.

Yaro ba ya jiran shekara. Don haka ka koya masa da tumfafiya. Ku duba ganyenta, za ku ga tsutsa mai zanen fari da baƙi da rawaya. Ku sa ta cikin kwalba mai faɗin baki, da ganye da ɗan kara, ku rufe da ƙyalle. Kullum a sake ganye. Za ta daina ci, ta rataye, ta shiga ɓawo. Cikin mako ɗaya ko biyu malam buɗe littafi mai ruwan goro zai fito. Ku sake shi ya tafi. Amma ka kula: kai za ka tsinko ganyen, don nonon tumfafiya yana cutar da ido. A wanke hannu da sabulu.

Mene ne amfanin wannan? Tun bayan farin 1973 murzuna take yi wa manoman Sahel ɓarna. Daga 2006, ma'aikatan binciken noma na INRAN a Maraɗi suka yaɗa wata dabara: ana rataye ƙananan buhuna a karkara, wani ɗan ƙwaro mai kama da rina ya fito daga ciki, ya harbi tsutsar, ya saka nasa ƙwai a jikinta, ta mutu. Wannan aiki sai an yi shi a kan lokaci, tsutsa tana bisa zangarniya. In ta shige ƙasa, an makara.

To, wa ya fi yaro yawon gona da kaifin ido? Wanda ya san ƙwai da tsutsa, shi zai fara gani ya faɗa maka, kai kuma ka sanar da malamin gona.

A damanar bana, ka nemi kwalba, ka kira yara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.