Idan Tsohuwar Mota Ta Ƙi Tashi, Saurara Kafin Ka Saya

Akasarin motocin da ke ɗawainiya da mutanen Adar sun tsufa tun kafin su iso hannunmu. Hilux mai kai kaya kasuwar Abalak, Hiace mai zirga-zirga tsakanin Tawa da Ƙonni, da yawansu sun gama yi wa wasu aiki a Turai kafin a sauke su a Kwatano ko Lome. Ga kuma Fijo 504 da ake gani jefi-jefi, wadda tun 1968 aka fara ƙera ta. Irin waɗannan dole wata safiya su ƙi tashi. Abin da ke cinye kuɗin mai mota a ranar shi ne sayen kayan gyara bisa zato, alhali motar tana faɗin ciwonta da zarar an murɗa makulli.

Tambayar farko ita ce: injin yana juyawa bai kama ba, ko ko sam ba ya juyawa?

In ba ya juyawa, kunna manyan fitilu, ka sa wani ya tsaya gaba, sannan ka murɗa. Fitilu suka dushe, ka ji "kat-kat-kat" da sauri, to wuta ce ba ta isa. Kada ka yi saurin yanke wa batir hukunci. Demarar, wato ƙaramin injin lantarkin da ke juya babban inji, yana jan wuta fiye da amfiya 100, kuma ɗan farin garin da ke taruwa a kan batir ko wayar da ta yi sako-sako sun isa su tare ta. Hanyoyin Keita da Buza kuwa ba su bar wani noti a ɗaure ba. Cire wayar da ke haɗe da jikin mota tukuna, ka wanke kan batir da ruwan ɗumi da ƴar kanwa, ka goge, ka ɗaure tamau. Duba ɗaya bakin wayar ma, inda ta kama ƙarfen mota, don nan ne ake yawan mantawa.

Mai mitar awon wuta ya fi mai zato. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 idan mota na kashe. Ya sauka ƙasa da 12, ya yi rauni. Bayan inji ya tashi ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In ba a gani ba, dinamon caji ne ko belinsa, kuma sabon batir ɗin da za ka saya shi ma kwanansa kaɗan ne.

Mutane kan ɗora wa sanyin hunturu laifi, saboda a safiyar Disamba da Janairu batir ya fi ba da kunya. Ni a ganina an zalunci hunturu. Zafin Afrilu da Mayu, sa'ad da awo ke haura digiri 40 a Tawa, shi ne ke ƙafar da ruwan batir ya cinye farantansa. Sanyi tona asiri kawai yake yi. In batirinka mai murfi ne, ƙara masa tataccen ruwan batir. Ruwan rijiya, da gishirin da ke cikinsa, kashe shi yake.

Idan fitilu suka tsaya da haskensu, aka ji "kat" guda ko shiru, zargi ya koma kan demarar, ko makullin, ko fiyus. Bakanike kan ɗan ƙwanƙwasa demarar da ƙarfe mota ta tashi. Hakan alama ce gawayinsa ya cinye, kuma ba kullum dabarar za ta ci ba. Turi ma haka: yana kai ka gareji, amma wanda ya mai da shi al'ada ɓoye ciwo yake yi. Mota mai giyar otomatik ba a tura ta. Sai dai a tabbatar giyar na kan P ko N.

In kuwa inji yana juyawa lafiya bai kama ba, bar batir ya huta, ka nemi mai ko tartsatsi. Ko da yake matatar SORAZ ta Damagaram tana aiki tun 2011, da yawa a kwalba suke sayen mai a bakin titi, kuma ƙura da ruwa ba su da wuyar shiga. Matatar man motar ta toshe, karbirato ya cika da datti, shi ke nan. A motar esansi, a ciro buji a ga ko yana ba da wuta. A ta gazuwal, jira fitilar ɗumama ta mutu kafin ka murɗa, kuma in mai ya taɓa ƙarewa a hanya, iska ta shiga bututu, sai an buga famfon hannu an fitar da ita.

Kada murɗa ɗaya ta wuce daƙiƙa 10, don demarar na ƙonewa. Idan kuma ka ji inji yana juyawa da sauri fiye da yadda ka saba, fayau ba nauyi, saki makullin nan take. Mai yiwuwa belin cikin inji mai daidaita bawul ne ya tsinke, kuma a wasu injuna ci gaba da murɗawa lanƙwasa bawul yake yi. Wannan sai igiya a ja ta zuwa gareji.