Buntun Shinkafa a Madadin Itacen Girki

Duk wanda ya ratsa Kura bayan girbi zai ga tulin buntu a bayan injinan casa, yana ta ci da wuta a banza. Alhali kuwa buntu ya kai kusan kashi 1 cikin 5 na nauyin shanshera. Abin da ya hana mata girki da shi shi ne, in an zuba shi a murhu yakan danƙare, iska ba ta ratsa shi, sai hayaƙi ya turnuƙe. Maganin haka shi ne a babbaka shi sama-sama, a kwaɓa da kokon rogo, a cura, a shanya. Curin yakan ci kamar gawayi. Kara dai abincin dabbobi ne, kuma taki ne ga gona. Saboda haka buntu ya fi cancanta ya rage mana saran itatuwa.